Shekarar da Shuɗiya Ta Taka Gishiri

Lahadi, 2 ga Oktoba

Fitar ƙarshe ta bana. 'Yan ƙungiyarmu ta masu ƙananan motocin tsere muka yi jerin gwano daga Thunder Bay har Silver Islet, kowa rufinsa a buɗe, kowa hancinsa na yoyo, amma ba mai yarda a ce shi ya fara rufewa. Ganye ya gama nuna, hanya gaba ɗaya ja da rawaya. Matar nan tawa Lorna ta naɗe cikin bargo har kunne, tana mitar wai shekara hamsin da aure har yau ban saya mata mota mai rufin kirki ba. Faɗa kawai take, ta fi ni son motar nan tawa, Shuɗiya.

Shuɗiya kuwa ta fitar da ni kunya. Shekararta ashirin da huɗu a hannuna, kujera biyu, giyar hannu, kuma ko sau ɗaya ba ta taɓa taka gishirin da ake barbaɗa wa titi da hunturu ba. Oktoba na yi a lulluɓe ta, sai Mayu. Ka leƙa ƙarƙashinta, tas, ba ɗigon tsatsa. Duk ƙungiyar ni da abokina Murdo kaɗai za mu bugi ƙirji mu faɗi haka. Shi ma tasa an taɓa sake mata fenti, kada ya cika min baki.

Abu ɗaya dai. Da muka tsaya shan kofi na durƙusa ina shafa tayar baya, sai na ji gefenta ya yi tsaga-tsaga kamar faso a diddige. Zanen da sauransa, robar ce ta tsufa. Duka huɗun haka suke. Da yatsa na ji, ban gani ba. Murdo ya ce wai shi tun daga bayana ya hango. "Reino, kai ka tsufa, tayarka ta tsufa, motar ce kawai da sauran yarinta." Bakin mutumin nan ba ya hutu.

Talata, 4 ga Oktoba

Na je wurin Dario mai taya. Tun ubansa na da rai nake zuwa shagon nan, har yau ƙaurin roba ɗaya, kofi marar daɗi ɗaya.

Kala uku ya gangaro min. Akwai mai danƙo, wadda idan kwalta ta yi zafi take riƙe kwana ba gardama, sai dai kafin ka ankara ta suɗe. Akwai matsakaiciya, ba ta kai waccan riƙo ba amma ta iya ruwan sama kuma ba ta jijjiga ƙashin baya. Sai ta uku, wai ta kowane yanayi, wato ba yanayin da ta iya ke nan. Wannan ko shafa ta ban yi ba.

"Dattijo, ai ba sauri," in ji Dario. "Kwana nawa ya rage ka lulluɓe ta? Bari sai Afrilu in kawo maka sababbi fil, kada su kwana wata shida suna dakon mota a banza."

Gaskiya ya faɗa. Kuma ni zaɓen taya daɗi yake min, na samu abin da zan yi ta juyawa a rai duk hunturu. Raina ya fi kwantawa da mai danƙon.

Alhamis, 6 ga Oktoba

Likitar ido. Yarinya ce ƙarama, mai sanyin murya. Da ta jawo kujera ta zauna daf da ni na san akwai magana.

Tsakiyar ganin ne ke tafiya. Na hagu ya yi nisa, na dama na biye da shi. Gefe-gefe zai zauna, in ji ta. Yanzu dai zan iya tuƙi da rana a hanyar da na sani, ban da dare. Amma a Afrilu zan cika tamanin, a tamanin kuma sai an gwada ido kafin a sabunta wa mutum lasisi. Na tambaye ta kai tsaye ko zan haye. Ta ce, "Mista Saarinen, ba na so in sa maka rai."

Lorna ce ta tuƙo mu gida a motar cefane saboda maganin da aka ɗiga min. Muna isa ta shiga kicin. Ta yi miyar kifi da dankali, na sha kwano biyu.

Jumma'a, 7 ga Oktoba

Afrilu. Wato sababbin taya su iso, a karɓe makulli. Madalla.

Litinin, 10 ga Oktoba

Bikin Ranar Godiya na shekara-shekara. Mu biyu kawai, ga talotalo ƙato kamar za a ciyar da unguwa. Ina cikin yanka Lorna ta ce, ba ta ko ɗago kai ba, "Wai dole sai Afrilu? Ba a yin tayar ƙanƙara daidai ƙafar Shuɗiya ne?"

Saura kaɗan in yanke yatsa. Na ce ke kin san abin da gishiri ke yi wa ƙarfe kuwa? Ta ce, "Na san abin da zaman gida ke yi maka kai."

Na yi mata bayani dalla-dalla, yadda yake shiga lungu-lungu ya kwanta, yadda shekara biyu ta ishe shi ya huda bene. Ta saurara har na gama, ta zuba min miya, sannan ta ce, "To tsoho, wa kake ajiye wa ita?"

Na tashi na tafi gareji. Ba fushi na yi ba. To, na ɗan yi.

Asabar, 15 ga Oktoba

Ranar ajiye motoci. Na taya Murdo kintsa tasa kamar kullum. Aka cika tanki, aka juye baƙin mai, aka cusa soson ƙarfe a salansa don ɓeraye, aka cire batir, aka lulluɓe. Ya tsaya ya cire hula kamar a maƙabarta. Kowace shekara sai ya yi, kowace shekara kuma sai na yi dariya.

Bayan nan muka shiga sauna, ɗakin wankan tururi. Da tururi ya tashi na ce masa ina tunanin sa wa Shuɗiya tayar ƙanƙara. Ya ajiye ludayin ruwan.

"Ka haukace ne, ko zafin nan ne ya taɓa ka?"

Na ce tunani kawai nake.

"Gara ka tura ta cikin tabki, in san ta mutu da mutuncinta. In ka gaji da ita ka ba ni, wallahi a falo zan ajiye ta, matata ta koma gareji."

Ban gaya masa maganar ido ba. Idan ya ji zai koma mai kirki, ni kuwa Murdo mai kirki ba zan iya da shi ba.

Laraba, 19 ga Oktoba

Na ɗauko mayafin Shuɗiya, na rufe ta rabi. Sai na kwanta a ƙasa da fitila ina kallon ƙarƙashinta. Kai, abin gwanin kyau. Kowane noti yana ƙyalli, in na karkata kai na kalle shi da wutsiyar ido. In na kalle shi kai tsaye sai ya ɓace. Na daɗe a nan har sanyin siminti ya shiga ƙashina.

Shekara ashirin da huɗu ina tsaron abin da ba mai gani sai ni da ɓeraye.

Na cire mayafin na ninke. Lorna tana taga wai tana ba fulawa ruwa. Fulawar roba ce.

Talata, 25 ga Oktoba

Na koma wurin Dario na faɗa masa. Ya cire hula ya sosa ƙeya, ya mayar. Bai tambaye ni dalili ba, shi ya sa nake son yaron nan.

Ashe nan ma akwai zaɓi, har ya fi na bazara daɗi. Ya ce a rage faɗi, domin siririyar taya ta fi yanka dusar ƙanƙara ta kai ƙasa, mai faɗi kuwa sai ta hau kai tana shawagi. A ɗora su a kan baƙaƙen rim na ƙarfe, nawa masu kyau su huta a rataye. Muka gwada rim ɗin a gaba don a tabbata bai taɓa birki ba, ya wuce da ƙyar. Sai maganar ƙusa, irin ƙananan da ake dasa wa tayar ƙanƙara. Mai ƙusa ta fi kama sulɓin ƙanƙara, amma a kan busasshiyar kwalta surutunta kamar ana suyar gugguru. Na ce a'a, ina so in ji injin. Na ɗauki marar ƙusa, mai taushi, zanenta duk 'yan tsage ƙanana.

"Ka jefa buhun yashi a but," in ji shi. "Da ƙafar baya take ja, kuma bayan nata ba nauyi."

Sai ka ce yau na fara tuƙi.

Da zai nuna min alamar dutse da ƙanƙara da ke jikin tayar, bai ce duba ba. Yatsana ya kama ya ɗora a kai. Ashe ya lura.

Alhamis, 3 ga Nuwamba

An ɗaura. An kuma fesa mata mai a ƙarƙashi, duk gareji wari. Da baƙin rim ɗin nan ta yi kama da mace ta ci kwalliyar coci ta zura takalmin roba. Lorna ta ce ita ta fi mata kyau haka, wai yanzu ta yi kama da 'yar garin nan.

Asabar, 12 ga Nuwamba

Dusar ƙanƙara ta zuba. Da safe komai fari fat.

Na buɗe gareji na tayar da injin na zauna. Motar gishiri ta wuce ta ƙofar gida tana watsi hagu da dama, ina kallonta. Na kashe injin. Na sake tayarwa. Lorna ta fito da jakarta ta shiga ta ja ƙofa, ta ce burodi ya ƙare.

Da muka hau titi na ji tsakuwar gishiri tana dukan ƙarƙashinta, tas-tas-tas, har cikin haƙorina nake ji. Allah ya sani na kusa yin kuka. Haka na daure har kwanar gidan burodi. A nan na ɗan taɓa totur, bayanta ya ɗan goce, na mayar da sitiyari, ta dawo layi a hankali, cikin ladabi, kamar dama abin da take jira ke nan. Ban san na yi dariya ba sai da Lorna ta doke ni a cinya ta ce in natsu.

Muka zaga ta bakin tabki kafin mu koma. Burodin ya huce, ba wanda ya damu.

Lahadi, 20 ga Nuwamba

Murdo ya ga Shuɗiya a bakin coci, taɓo har ƙofa. Ya gaida Lorna, ni ya wuce ni kamar ginshiƙi.

Lahadi, 4 ga Disamba

Kullum aka yi rana sai mun fita. Ba nisa, hanyoyin da na sani tun ina yaro. Hitarta mai ɗumama ciki ashe tana aiki sosai, ban taɓa ba ta dama ba. Masu manyan motocin ɗaukar kaya suna leƙo mu daga sama suna girgiza kai, wani ma ya ɗaga min babban yatsa.

Makon farko kullum sai na kai ta wanki. Yanzu sai na tuna.

Barci nake yi kamar jariri. Lorna ta ce na daina yi wa labaran talabijin faɗa.

Asabar, 17 ga Disamba

Ina kwashe dusar ƙanƙara a ƙofar gida sai ga Murdo a tsaye, hannu cikin aljihu. Mata sun yi magana a tsakaninsu ke nan, zancen ido ya kai masa.

"Me ya hana ka gaya min, tsohon banza?"

Na ce don kada ka yi min irin fuskar nan da kake yi yanzu.

Ya ce ba wata fuska da yake yi, sanyi ne. Ya zagaya Shuɗiya yana tsaki, ya sa yatsa ya lakato farin gishiri a ƙasan ƙofa ya nuna min. Sannan ya buɗe ya shiga ya ɗaura bel.

Na kai shi filin ajiye motoci na bayan gidan wasan hoki, ba kowa, ba a ma share shi ba. Na sa giya ta biyu na ba ta wuta. Muka yi ta juyi kamar a kan faranti, ƙanƙara na tashi ta ko'ina, Murdo ya riƙe ƙofa da hannu biyu yana kiran sunan uwarsa da ta rasu tun ina aiki a kamfanin takarda. Da na tsaya sai haki yake.

"Har yanzu zunubi ne," in ji shi.

Na ce na sani.

"Sake ɗaya."

Litinin, 2 ga Janairu

Na koma rubutu da alƙalami mai kauri. Layi uku shafi ya cika. Ba laifi, dama surutuna ya yi yawa.

Asabar, 21 ga Janairu

Mun koma filin nan ni da Lorna. Ina cikin juyi ta ce in tsaya in sauka, ita ma da ranta. Ban taɓa ba kowa makullin Shuɗiya ba, ko Murdo. Amma ta riga ta zagayo ta tsaya a ƙofata cikin sanyi, ya zan yi.

Sau biyu motar ta mutu a hannunta. Na fara bayanin kuloci, ta ce, "Rufe min baki, Reino, ina jan motar itacen babana kana koyon keke." Na uku ta tashi sumul. Kafin mu bar wurin ta iya sakin bayan ta kamo shi, har da 'yar ƙara irin ta 'yan mata. Hannunta ya fi nawa taushi a sitiyari. Wannan a nan kawai zan faɗa.

Alhamis, 9 ga Fabrairu

Sanyi mai fasa dutse, sama garau. Tabki ya daskare har inda ido ya kai, nawa idon dai. Tayoyin nan ko a jikinsu, har yanzu da taushinsu. Da na ɗauki mai danƙon nan da yanzu tana jingine a shagon Dario ni kuma ina kan kujera ina cin Lorna da mita.

Alhamis, 23 ga Fabrairu

A hanyar bakin tabki, da hantsi, rana tar. Ba gudu nake ba. Lorna ta ce, "Reino, mutum." A hankali ta faɗa, kamar tana cewa ga gishiri a miya. Na taka birki. Tayoyin suka kama, ba gocewa, muka tsaya cak da sauran tazara mai kyau.

Wani dattijo ne cikin farar riga, yana jan kare, zai tsallaka. Ya ɗaga mana hannu ya wuce, bai ma san an yi wani abu ba. Karen na gani, da wutsiyar ido, bayan na tsaya. Mutumin yana tsakiyar gilashi sosai, ban gan shi ba.

Na gangara gefe na ce ƙafata ta yi tsami, ko za ta karɓa. Ta ce to. A hanyar gida ta ɗora hannunta a gwiwata a wurin danja.

Tayar kirki ce. Zan gaya wa Dario.

Lahadi, 26 ga Fabrairu

An yi rana. Lorna ta ja, muka je coci. Murdo ya buɗe baki zai yi magana, ta kalle shi, ya ce yau ana sanyi.

Laraba, 1 ga Maris

Dario ya bugo waya, wai zai yi odar tayoyin bazara, a sa da ni? Na ce a sa. Ya ce mai danƙon ko? Na ce bari in yi shawara a gida. Ya ce to dattijo, ba sauri.

Asabar, 11 ga Maris

Tun Janairu da matashin kujerar falo a bayanta Lorna take tuƙi, don ƙafarta ba ta kai kuloci ba. Kujerar direba ta ƙi motsi. Tun ranar da na sayi motar na saita ta daidai tsawona, ba a sake taɓa ta ba, sai ta kafe a wurin. Lorna ba ta taɓa yin ƙorafi ba, amma mace da matashin falo mai hoton agwagi a cikin Shuɗiya, haba, abin kunya ne a gari. Don haka kawai.

Yau da safe tana wanka na sauka gareji. Na kwance kujerar da laluben hannu, noti huɗu ne, na san su. Na goge layin dogon da take gudu a kai, na shafa masa giris, na mayar. Na tura ta gaba daidai yadda nake jin ƙafarta za ta kai, na ɗan ɗaga bayan, na sauke madubi. Matashin na mayar falo inda yake.

Na gwada shiga in ji ko ta zauna daram, gwiwata ta ƙi wucewa ƙarƙashin sitiyari. Ana iya mayar da ita baya, yanzu da yatsa ɗaya ma tafiya take. Ban mayar ba.

Na zagaya ɗaya gefen na zauna, na bar mata makulli a jiki. Tana ciki tana neman safar hannunta, ina jin ta tana buɗe durowa tana rufewa. Matar nan akwai jan jiki. Ba komai, ba inda nake sauri.